Ranar da Muka Je Ganin Kunkuru

Mu a Nuzla, unguwarmu ta Hausawa a Jidda, ba mu san ana tafiya don kallo ba. Iyayenmu sun baro Sudan, sun haye teku a jirgin katako suna salati, kuma duk wanda ya sauka lafiya bai sake marmarin komawa kan ruwan ba. Tafiya a wurinmu ta aikin Hajji ce, ko ta neman abinci, ko ta gaisuwar mutuwa. A gidan da maigidana ke aiki na fara ganin mutanen da ke tashi lafiyarsu lau su shiga jirgi, su je su kalli tsuntsu, su dawo suna murna.

Maigidana kuku ne a gidan wani Bature, injiniyan da ke aiki a tashar jiragen ruwa. Muna ce masa Khawaja, matarsa kuma Madam. Lokacin shekarun sittin ne na Turawa, unguwarmu ba kwalta, ruwa a gwangwani ake kawo mana, yawancin ɗakunanmu na langalanga ne. Ni shekarata ta biyu ke nan da aure, nakan je gidan in yi wa Madam guga idan wanki ya taru.

Kafin su zo Jidda sun zauna a wani ƙaramin tsibiri a can Karibiyan, kuma Madam ba ta daina kewarsa ba. Ta rataya hotunansa a bangon falo. Akwai farin yashi da bishiyar kwakwa ta rusuno kan ruwa, akwai koren aku a kan reshe, akwai wani ƙaton kunkurun teku yana jan ciki zai koma ruwa, baƙi sanye da manyan huluna sun kewaye shi suna kallo. Da guntun Larabcinta take gaya mini cewa mutane na zuwa daga ƙasashe masu nisa don kawai su ga kunkurun nan yana binne ƙwai. Sai in tsaya da dutsen guga a hannu har gawayin ya mutu.

Ni dama zuciyata a shirye take da irin wannan. Na yi makarantar 'yan mata kaɗan kafin a yi mini aure, na iya karatun Larabci, kuma babu abin da nake so kamar ƙananan littattafan soyayyar nan da ake shimfiɗawa a ƙasa wajen kasuwar Bab Sharif, masu bango ja da shuɗi, takardarsu ta yi rawaya. A cikinsu duk masoyan da duniya ta matsa wa tsibiri suke gudu. Saurayi ya ɗauki budurwa a hannu ya fito da ita daga ruwa, iska na kaɗa gashinta, ya gaya mata maganar da ko malami sai ya yi kwana uku yana shirya ta. Na haɗa hotunan Madam da littattafaina, na gina tsibirina ni kaɗai, ina shiga ina fita a cikinsa ina tsintar shinkafa.

Da Madam ta ce za su je wani tsibiri a kudu da gari ranar Juma'a, domin an gaya mata kunkuru na hawa can, kuma tana so in raka ta don kada ta zama mace ɗaya a jirgi, ban bari ta rufe baki ba.

Surukata, wadda muke zaune tare muke ce mata Inna, tana ɓare gyadar da take soyawa ta sayar lokacin da na kawo maganar. Ba ta ɗago ba.

"Kunkurun ne ya aiko a zo a gaishe shi?"

"Kallo ne, Inna. Haka Turawa ke yi."

"Su Turawa suna da uwa a Nuzla? Ke 'yar nan, da aka haye da ke tekun nan kina goye, ba ki san abin da muka gani ba. Ni na sani." Ta juya wajen ɗanta. "Kai kuma Juma'ar fa?"

"Inna, matafiyi ne ni ranar. Kuma aikina ne, wa zai dafa musu abinci?"

"Matafiyin kunkuru," in ji ta. Ta hura ɓawon gyada daga tafin hannunta.

Da sassafe muka tashi daga wajen kasuwar kifi. Jirgin na katako ne mai inji, mai shi wani tsohon masunci ne ɗan ƙasa, baƙi wuluk saboda rana, ana ce masa nakoda, wato shugaban jirgi. Mu biyar ne: shi, da Khawaja, da Madam, da mu biyu. Gari ya yi ta ƙanƙancewa har farin hasumiyoyin masallatai suka zama kamar tsinken sakace, daga nan ba komai sai ruwa. Na riƙe gefen jirgi da hannu biyu. Maigidana ya zauna daram a kan kwandon abinci kamar a kan dakalin ƙofar gida. Shi a bakin Kogin Nil Shuɗi ya tashi, ya iya iyo tun yana yaro, yana yawan cewa wanda ya yi wanka da kada ba ya tsoron kifi.

"Amarya, kin ga tsibirinki?" Haka yake kirana idan zai tsokane ni.

Na duba. Wani farin layi ne kwance a kan ruwa, bai kai tsawon titin unguwarmu ba. Ba kwakwa, ba aku, ba ko inuwar da akuya za ta fake. Yashi ne da wasu gajerun ciyayi masu kalar toka, sai tsuntsaye farare sun rufe samansa suna ihu. A can ƙarshensa akwai wani tulin itatuwa kamar rumbun da ya rushe. Amma ruwan da ke kewaye da shi kam ya fi na hoton kyau, kore shar mai haske, kana ganin ƙasa kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Ni murjani a wuyan mata na san shi. Ranar na gan shi a gidansa, gonaki guda, ja da rawaya da ruwan hanta, ƙananan kifaye masu zane suna shiga suna fita.

Jirgin ba ya iya ƙarasawa gaci saboda duwatsun murjanin. Nakoda ya jefa anga nesa kaɗan, ya ce sauran tafiyar da ƙafa ne, ruwan iyakarsa gwiwa. Khawaja da Madam suka ɗaure takalmansu na roba suka sauka. Ni ma na sauka da nawa, saboda tsoro ya hana ni tunanin cirewa. A raina ina jiran abin da na san ba zai faru ba, wato maigidana ya ɗauke ni. Kwandon abinci ya ɗauka. Ya naɗe wandonsa, ya ɗora kwandon a ka, ya ɗora tukunya a kan kwandon, sannan ya tuɓe takalmansa na fata ya kifa su a kan tukunyar.

Duk wanda ya tashi a bakin kogi ya san wannan. Ba a shiga ruwa da takalmi. Laka za ta cinye shi, fata za ta ruɓe, kuma yara za su yi maka dariya. Kaya a ka, takalmi a kan kaya, haka kakanninmu suka haye duk rafin da ke tsakanin ƙasar Hausa da nan.

Nakoda ya daka masa tsawa daga cikin jirgi. "Ya Hajji! Sa takalminka!"

"Ya ammi, haba baffa, takalmin Sallah ne. Ka taɓa ganin mai hankali ya jiƙa fata da gishiri?"

"Wannan ba kogin ƙauyenku ba ne. Akwai dutse mai cizo."

"Dutse mai cizo!" Maigidana ya yi dariya ya dube ni, ya ce da Hausa, "Kin ji tsohon nan? Mu da muka saba da mai haƙori."

Ya wuce gabana yana tafiya a miƙe, hannu ɗaya a kan kaya. Na bi bayansa ina kallon wuyansa, ina cewa a raina ko a littafi ba a fi shi kyan tafiya ba. Saura kaɗan ya taka yashi sai na ga ya tsaya. Ya ce "Kai," a hankali, kamar wanda ya tuna ya bar wani abu a gida. Ya ƙara taku biyu. Sai kwandon ya zame, tukunya ta faɗa ruwa, shi kuma ya saki wata ƙara da ban taɓa jin ta fito daga bakin babban mutum ba.

Na ga abin da ya taka, domin ya motsa. Dutse ne kamar sauran, mai gansakuka da ƙuraje, girman ƙwaryar fura. Ya ɗan girgiza, yashi ya tashi, na ga baki a karkace da idanu biyu a sama, ashe kifi ne. Ya matsa kaɗan ya sake kwantawa ya koma dutse. Na duba kewaye da ni. Duk ƙasan ruwan irin duwatsun nan ne. Madam ce ta dawo ta fizgi hannuna ta fito da ni.

Khawaja da nakoda suka ja shi zuwa kan yashi. A tsakiyar tafin ƙafarsa ta hagu akwai 'yan huji ƙanana a jere, jini ma kaɗan ne, gefensu ya yi shuɗi-shuɗi. In da a gida ne da na ce ƙaya ce. Amma mutumin yana birgima, yana dukan yashi da ka, gumi na zubo masa kamar an kwara masa ruwa. A littattafaina idan jarumi ya ji rauni yakan riƙe hannun masoyiyarsa ya ce kada ta yi kuka. Nawa bai ma san ina wurin ba. Uwarsa yake kira.

"Wayyo Inna! Ku ba ni wuƙa. Ku tsaga, ku ɗaure, ku yanke ta ma duka!"

Ya rarumi kwandon yana neman wuƙar girkinsa, domin mu abin da muka sani game da dafi ke nan, a ɗaure sama, a tsaga, a tsotse, kamar na maciji. Khawaja ya riga shi ɗauke ta ya cilla nesa. Ni kuma na cire gyalena na jiƙa a teku zan ɗora masa don ya ji sanyi. Nakoda ya buge hannuna.

"La, a'a! Wuta, ya binti, 'yata. Ruwan zafi."

Madam ma abin da take faɗa ke nan, da Larabci da hannu. Ta ce a tsibirinsu ta ga an yi wa wani mai kamun kifi haka, zafi ne ke kashe dafin, kuma tun da wuri ake yi kafin ya hau. Na tambayi nakoda ko ana mutuwa. Ya dubi ƙafar, ya dubi rana.

"Rai na Allah ne. Wani yana tashi, wani ba ya tashi. Yalla, hura wuta."

Ya ƙara da cewa lallai mu bar wurin kafin rana ta karkata sosai, don da zarar ta kwanta a kan ruwa ba a ganin duwatsun da ke hanya, jirgi sai ya hau su ya fashe. In muka makara sai gobe. Ban tambaye shi ko maigidana zai kai gobe a nan ba.

Akwai ƙaramin risho da aka zo da shi don shayi. Na kunna, na cika tukunya da ruwan teku. Madam ta naɗe hannun rigarta tana tsoma gwiwar hannu tana gwadawa kamar mai shirya wa jariri wanka, sai dai wannan ruwan turiri yake yi. Khawaja ya danne ƙirjinsa, nakoda ya kama ƙafar ya nutsa ta. Ya yi wata zabura har ya kusa jefar da su duka. Na rufe idona. Gani nake dafa masa ƙafa suke yi, kuma ni na hura wutar. Amma ba a jima ba sai ihun ya ragu ya koma nishi, ya buɗe ido ya ce, "Ku ƙara zafi."

Da ruwan ya fara hucewa sai ciwon ya dawo sabo. Ana zuba wani, ana ɗora wani a buta. Kumburin ya wuce idon sawu ya kama ƙwauri, fatar ta yi sheƙi kamar an shafa mata mai. Ya yi amai, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi. Ana cikin haka rishon ya yi tari ya mutu. Kananzir ɗin na shayi ne, ba a yi shirin dafa teku da shi ba.

Mutum uku kowa hannunsa na kan maigidana. Nakoda ya nuna mini ƙarshen tsibirin da haɓa.

"Ga itace can. Gudu."

Na kama gudu. Yashin ya yi zafi har ta cikin takalmi. Ko'ina ramuka ne, kusa da kowane rami an tara yashi tsololo kamar ƙaramin hasumiya, wasu ƙaguwoyi masu kalar yashi suna tsere a karkace suna shigewa. Na tsallake wata faffaɗar shaida da ta fito daga ruwa ta koma, kamar an ja buhu an bar sawun fartanya a gefe da gefe. Daga baya na ji cewa sawun kunkurun ke nan. Iyakar abin da na gani nasa ke nan har yau.

Tsakiyar tsibirin na fararen tsuntsayen ne. Ba su da sheƙa, a kan yashi suke ajiye ƙwai, ƙwan kuma kalarsa ɗaya da ƙasa. Ina shiga suka tashi gaba ɗaya, sama ta yi duhu. Suka dinga saukowa ɗaya bayan ɗaya suna wucewa ta gefen kunnena, wani ya sare ni a tsakar ka, na ji ɗumi na gangarowa bayan wuyana. Gyalena na can wurin tukunya. Na kare fuskata da hannu ina tafiya ina duba inda zan taka, ina cewa, "Ku yi haƙuri, wucewa zan yi," da Hausa, kamar na kutsa tsakar gidan mutane ba sallama.

Tulin itacen da na hango tun daga jirgi sheƙa ce. Ta kai ƙirjina tsawo. An gina ta da duk abin da teku ya tofo, rassa, guntayen katakon jirgi, igiya, ƙashin kifi, har da tsohon takalmi. Wari take yi. A samanta akwai 'ya'ya biyu manya, sun kwanta sun lafe, jajayen idanunsu kawai ke bina. Uwarsu na sama, wani babban shaho mai farin ciki, fukafukansa sun fi buɗe hannuna faɗi. Yana kewaya yana wani siririn kuka. Na ga faratansa.

Daga nesa iska ta kawo mini muryar maigidana, ruwan ya huce ke nan. Na durƙusa na fara zaro itace daga gindin sheƙar, ta gefen da ba zai rushe da 'ya'yan ba. Shahon ya sauko. Ban gan shi ba, iskar fukafukansa na ji a bayana, na kifa fuskata a yashi ina La'ilaha illallahu. Ya tashi, na zaro wani. Ya sake saukowa, na sake kifewa. A haka na tara abin da zan iya ɗauka, na ƙulle da guntuwar igiya na ɗora a ka. Itacen ya zame mini garkuwa a hanyar dawowa, tsuntsayen suna sara suna samun katako.

Wutar ta kama da kyar, tana kore tana shuɗi saboda gishiri. Muka ci gaba. Madam ta ga jini a wuyana ta buɗe baki, na girgiza mata kai. Maigidana ya daina ihu, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Leɓɓansa sun yi toka. Can ya ɗago ido ya gan ni sosai, karo na farko tun da ya faɗi.

"Ke, ina gyalenki?"

"Yana nan, Malam."

"Rufe kanki, ga maza." Ya numfasa. "Yanzu an idar da Juma'a ko?"

"An idar."

"Kada ki gaya wa Inna na yi kuka."

Nakoda ya miƙe ya dubi inuwarsa a ƙasa ya ce khalas, wato shi ke nan, lokaci ya yi. Shi da Khawaja suka haɗa hannu suka yi masa kujera suka ɗauke shi. Dole sai mun sake bi ta cikin ruwan nan. Nakoda ya ce kada in ɗaga ƙafa, in dinga jan ta a ƙasa, duk abin da ke kwance zai ji ya kauce. Na ɗauki tukunyar ruwan zafi a ka, na shiga. Kowane dutse kallona yake. Ruwan na zubo mini a kafaɗa yana ƙuna, ban damu ba, idona na ƙasa, ina jan ƙafa ina karanta duk surar da ta zo bakina, wasu ma daga tsakiya nake kamawa. Mun bar kwandon da butar da komai a kan yashi.

A jirgi ba wuta. Na zauna a ƙasan katako na ɗora kansa a cinyata, abin da ban taɓa yi a gaban mutane ba, ƙafarsa a cikin tukunya, ruwan na hucewa ba yadda zan yi. Iskar yamma ta taso daga arewa, jirgin ya dinga hawa yana faɗowa. Khawaja ya kwanta a goshin jirgi yana leƙen ruwa yana nuna dama da hagu, nakoda na juya akala, duwatsu na wucewa ta gefenmu, wani har sai na ji ya karci katako. Kumburin ya kai gwiwa. Na sa tafin hannuna a ƙirjinsa. Zuciyarsa na gudu, ta tsaya kamar ta manta, ta sake kamawa. Duk tsayawar da ta yi sai tawa ta tsaya. Na fara shirya abin da zan gaya wa Inna idan na shiga gida ni kaɗai, na rasa ta inda zan fara.

Sai ga baƙaƙen bayan wasu manyan halittu suna fitowa daga ruwa dab da mu, da ƙaho a gadon baya. Na taɓa jin masunta na cewa ƙirshi, kifin nan mai cin mutane, yana jin warin wanda zai mutu ya biyo jirgi. Na kifa a kan maigidana na rufe shi da jikina ina ihu. Nakoda ya ƙyalƙyale da dariya, dariyarsa ta farko ranar.

"Ba ƙirshi ba ne, ya binti. Abu Salama ne. Ba ya cin kowa, rakiya yake yi."

Suka yi ta tsalle suna huci ta tsakar ka. Madam ta dube su hawaye na zubo mata. Ni ban ga kyansu ba sai bayan shekaru, da na tuna. A lokacin addu'a nake su tafi.

Da hasumiyoyin gari suka fara fitowa, na kira shi bai amsa ba. Na girgiza shi. Na kira shi da sunansa na yanka, wanda ban taɓa furtawa ba tun da aka ɗaura mana aure. Ya buɗe ido kaɗan.

"Rashin kunya," in ji shi, ya sake rufewa.

Rana na gab da faɗuwa muka sauka. Khawaja ya sa shi a motarsa zuwa asibiti. Likitan ya yi masa allurai, ya ce ruwan zafin ya taimaka, amma a jira a ga yadda zuciya za ta yi da dafin da ya riga ya shiga. Aka aika Nuzla. Inna ta zo da zanen da take suya da shi, ƙamshin gyada na binta. Na miƙe ina jiran abin da za ta ce mini. Ta dubi ɗanta, ta dubi ƙafar da ta zama kamar turmi, ta dubi busasshen jinin da ke wuyana. Ta zauna a bakin gado ta kama ƙafarsa mai lafiya ta riƙe.

"Je ki wanke kanki," ta ce. "Ki dawo ki karɓe ni."

Kwanaki muka yi muna karɓar juna. Zazzaɓi ya zo ya tafi. Zuciyar ta daidaita. Naman da ke kewaye da hujin ya mutu ya yi baƙi, har aka fara maganar ko za a taɓa ƙafar, na koma ban iya cin abinci. A ƙarshe mataccen naman kawai aka kwashe, ya bar rami a tafin ƙafar, faɗinsa kamar bakin finjalin gahawa. Ramin ya daɗe bai cike ba, da ya cike kuma wurin bai yarda a taka shi sosai ba.

Ranar da ya ce zai je masallaci da ƙafarsa, azahar ce. Ya ƙi sanda, ya ƙi a riƙe shi. Na tsaya a bayan langalangar ƙofa ina saurare. Taku ɗaya mai nauyi, ɗaya mai sauƙi a kan gefen ƙafa, da ɗan ja a tsakani. Na ji shi ya wuce mai shayi, na ji ana yi masa barka yana amsawa, har sautin ya ɓace a kwanar lungu. Ban koma ɗaki ba sai da na ji shi yana dawowa. Haka tafiyarsa ta zauna har ƙarshen rayuwarsa. Ko maza goma ne suka shigo lungun tare bayan sallah, nakan ware nasa takun tun daga nesa, in tashi in ɗora ruwan shayi.